Kunnen Mai Salansa

Shagona na ɗinki yana kallon garejinsa, titi ne kawai tsakaninmu, shi ya sa nake gaya wa Yaya cewa na fi ta sanin mijinta. Ita da safe da yamma take ganinsa, ya yi wanka ya shafa mai. Ni kuwa na tsakar rana nake samu, baƙi ƙirin da hayaƙi, yana kwance a kan kwali ƙarƙashin motar wani, ƙafafunsa kawai a waje. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan kallo daga kan kekena. Duk layin ba wanda ke kiransa da komai sai Mai Salansa, har Yaya ma in ranta ya ɓaci haka take ce masa.

Garejin ba wani abin a zo a gani ba ne. Rumfar kwano ce da bango ɗaya, a jikin bangon an rataye tsofaffin salansa da waya, manya da ƙanana, wasu sun ci tsatsa har sun koma ja. A kusurwa akwai tukwanen gas biyu na walda ɗaure da sarƙa, sai wani benci mai ƙafa uku da bulo ya tsaya masa a madadin ta huɗu. Na sha ce masa mutum yana walda tun kafin a haife ni amma ya kasa yi wa benci ƙafa. Sai ya ce, "Sarkin tsegumi, bencin ya kawo miki ƙara ne?" Haka muke da shi tun ranar da ya auri yayata, ni in ce masa Maigida, shi ya ce min Sarkin tsegumi.

Ubansa maƙerin bokiti ne. Ya ce a gidansu ba a duba bokiti da ido, ƙwanƙwasa shi ake yi da bayan yatsa, in ya amsa ras to lafiyarsa ƙalau, in ya amsa kamar mai mura akwai tsaga a wani wuri. Da wannan kunnen ya baro bokiti ya shigo mota. Mota tana tahowa daga bakin layi zai ɗago kai ya ce, "Waccan ta huje a gwiwa, kusa da injin," kuma in an duba haka za a tarar. Shekara ashirin na farko aikinsa ɗaya ne, ya rufe wa motoci baki. A kawo masa mai ɓaɓatu, ya mayar da ita mai kunya. Da wannan ya gina ɗaki biyu da falo, ya kai 'ya'yansa mata uku makaranta, ya sayo wa Yaya firij ɗin da har yau take gogewa kullum.

Sai zamani ya juya. Samari suka fara zuwa da motoci lafiyayyu, sumul, suna cewa su ƙara suke so. Da farko korarsu ya yi. Ya ce shi bai ga dalilin da zai sa mutum mai hankali ya kawo lafiya a mayar masa da cuta ba. Suka tafi wajen wasu, aka yanke musu salansar gaba ɗaya aka jefar, suka dawo suna wuce mu da wata irin kururuwa mai sa jariri firgita. Wannan ne ya ƙona masa rai. Ranar da ya sauko, ina jinsa yana ce wa wani saurayi, "Ɗana, ƙara daban, murya daban. Ƙara ko gwangwani ka ɗaura a igiya ka ja a titi ka samu. In murya kake so, shigo da motar."

Daga nan ya zama gwanin abin da ya tsana. Zai yanka cikin tukunyar, wato wannan kumburarren wurin da hayaƙi ke kewayawa kafin ya fita, ya cire faranti ɗaya daga cikin masu hudoji ya bar biyu, ya ƙara wa bututu faɗi kaɗan, ya mayar ya ɗinke da wuta. Ɗinkinsa na wuta ya fi nawa na zare tsafta, ko da yake ban taɓa gaya masa ba. Motar da ta fito daga hannunsa ba ta kururuwa. Gurnani take yi daga can ƙasa, irin wanda mutum ke ji a ƙirji kafin ya ji a kunne. Abu ɗaya ne ya ƙi har yau, mai fashewa kamar bindiga. Ya ce akwai masu hawan jini a garin.

Amma abin da ya fi sa a san shi, yadda yake karɓar aiki ne. Ba ya sauraron dogon bayani, ba ya kallon hoton waya. In mai mota ya gama zubansa, sai ya tsaya a gabansa ya ce, "To, yi min da baki." Kowa sai ya yi, babba da yaro. Na ga mutum da tumbinsa da agogonsa mai tsada ya waiga hagu, ya waiga dama, ya cika kumatu ya ce, "Burrrum!" Mai Salansa ya girgiza kai ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai janareto ne. Sake." Mutumin ya sake, sau uku, ni kuma ina can na kifa kai a kan keke ina dariya har da hawaye. Amma bayan kwana biyu motarsa ta fito tana faɗin daidai abin da bakinsa ya faɗa.

To, mutumin da kunnensa ne duk abin da ya mallaka, shi ne kunne ya fara gudu ya bari.

Ni ban gane da wuri ba, don kaina ya fi ba ni aiki. Na ga dai ina jefa masa magana daga ƙofar shago yana yin kamar ba da shi nake ba. Rannan na ce masa wandonsa ya yage a inda bai kamata ba, bai ko waigo ba. Na ɗauki fushi, na yi mako guda ba na gaishe shi. Da Yaya ta zo gwajin riga na buɗe baki da ƙorafi, ina durƙushe ina kama mata ƙasan rigar.

"Mijinki ya fara girman kai," na ce. "Tun da masu manyan motoci suka san shi, mu mun zama shara."

Da na ɗago na ga idonta ya kawo ruwa.

"Ba share ki yake yi ba," ta ce. "Ba ya ji."

Ta ce na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama saura kaɗan. Sun je asibiti can wani gefen gari inda ba wanda ya san su. Likita ya ce shekara talatin da biyar na guduma da injin ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma akwai ɗan abin da ake maƙalawa a kunne ya taimaka. Mai Salansa ya ce sam. Ya ce ranar da mai mota ya ga abin ji a kunnen Mai Salansa, ranar garejin ya mutu, don ba wanda zai kai wa kurma mota ya gyara mata murya. Yaya ta riƙe hannuna ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, kuma ba zan nuna masa na sani ba. Ni da ake ce wa Sarkin tsegumi na rantse, kuma na riƙe. Kunyar fushin da na yi ta daɗe ba ta sake ni ba.

Daga ranar na koma kallonsa da wani ido, sai na ga dabarar. Shekara da shekaru yana sa mutane su yi masa da baki, ashe idonsa ma ya haddace abin. Yanzu in ya ce "yi min da baki", bakin yake kallo. In mutum ya yage leɓe haƙora suka fito, murya mai kaifi yake so. In harshe yana rawa, mai kaɗawa yake so. In kuwa ya rufe leɓe ya cika kumatu, to gurnani ne mai zurfi. In ya gama aikin sai a tayar da motar, ya ɗora tafin hannu a kan but ɗin bayan motar, ya lumshe ido kamar mai saurare, alhali hannun ne ke ji. Sauran hira kuwa da gyaɗa kai da "haka ne, haka ne" yake wuce ta. Kusan shekara biyu aka yi haka ba wanda ya ɗago shi. Ina alfahari da shi, kuma kullum gabana yana faɗuwa.

Wata Litinin da safe wata tsohuwar ƙaramar mota ta shigo layin tana ɓaɓatu, salansarta ta fashe. Wanda ya fito daga ciki malamin makaranta ne, dogo siriri, irin mutanen da ke magana kamar suna tsoron tashin wani daga barci. Ranar kuma haƙori ya sa shi gaba, kuncinsa ya kumbura suntum, ya dafe baki da hankici. Ina hango su daga shago, amma ina da wata da na yi wa ɗinki a gabana tana faɗa a kan wuyan riga, ban tsallaka ba. Da na tsallaka da ba a yi abin da aka yi ba, wannan kam ya tsaya min a rai.

Abin da malamin ya faɗa, daga baya na ji shi a bakin mai facin taya da ke maƙwabtaka da garejin. Ya ce mahaifiyarsa yake kaiwa wankin ƙoda sau biyu a mako. In sun fito a galabaice take, sai ta kwanta a kujerar baya, ƙarar motar tana sara mata kai har su isa gida. Shi dai so yake motar ta yi shiru iyakar shirun da mota za ta iya yi. Duk wannan a bayan hankici ya faɗe shi, ƙasa ƙasa. Mai Salansa yana ta gyaɗa kai yana "haka ne, haka ne". Da ya ga mutumin ya dakata sai ya ce, "To, yi min da baki."

Malam ya sauke hankici. Ya rasa yadda ake yin shiru da baki, sai ya rufe leɓe ya fitar da wani ɗan "mmm" siriri, wanda mai faci ya ce shi ma da ƙyar ya ji.

Mai Salansa ya ga leɓe a rufe, kunci a cike. Ya yi murmushi ya karɓi makulli. Da rana ya leƙo yana share gumi ya ce min, "Kin ga malamin nan? A ido salihi, ashe da sauran ƙuruciya a jikinsa. Ya burge ni. Zan yi masa abin da ban taɓa yi wa kowa ba."

Kwana biyu ya yi a ƙarƙashin motar nan. Da ya gwada ta, duk layin ya ɗauka, amma mai faci ya zaci ba a gama ba ne, ni kuma ban san abin da aka nema ba. Ranar Laraba da hantsi malam ya dawo, an cire haƙorin, kumburin ya saɓe. Akwai samari biyu a kan benci suna jiran layi, mai shayi yana tsaye da kofuna. Mai Salansa ya miƙa makulli da hannu biyu ya ce, "Tayar ka ji."

Malam ya murɗa makulli. Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa jin mota da murya mai daɗin wannan ba. Gilashin shagona sai da ya amsa. Samarin nan suka miƙe suna tafi. Malam ya kashe motar ya fito, fuskarsa ta sauya. Mai Salansa kuwa ya riga ya juya baya, yana goge but da tsumma, yana murmushinsa na wanda ya gama aiki.

"Ba haka na ce ba," in ji malam.

Mai Salansa ya ci gaba da guga.

"Mai Salansa, magana nake. Ba haka muka yi da kai ba."

Tsumma yana ta kai da komowa. Na ajiye almakashi na miƙe, amma na makara. Mutumin nan mai sanyin murya ya ɗaga ta har ta fashe.

"Na ce maka uwata ba ta da lafiya! Shiru na ce maka! Wai kai kurma ne?"

Duk layin ya ji, har masu wucewa suka tsaya. Mutum ɗaya ne bai ji ba, yana tsaye taku uku daga bakin da ya faɗa, yana hura wa but iska yana gogewa. Sai da ya juyo ya ga fuskoki. Ya dubi malam, ya dubi samarin da suka daina tafi, ya dubi mai shayi. Mai faci ne ya matso gabansa, ya maimaita masa abin da malam ya nema tun ranar Litinin, sannu a hankali. Na ga idonsa yana bin leɓen mai faci, na ga lokacin da maganar ta isa. Ya hango ni ta tsallaken titi. Na sunkuyar da kai, kuma da wannan ya gane na daɗe da sani.

Na zaci zai ce hayaniyar titi ce, ko hankicin ne. Yana da hanyar fita, don da gaske an rufe baki da hankici. Sai ya ninke tsumman ya ajiye a kan mota.

"Malam, gaskiyarka," ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. "Ban ji ka ba. Ba ranar Litinin kawai ba. Na kusa shekara biyu ba na ji."

Malam ya rasa inda zai sa kansa. Ya fara ba da haƙuri, Mai Salansa ya ɗaga masa hannu.

"Dube ni sosai ka faɗa. Yaushe za ka kai ta?"

"Gobe da safe."

"Bar min motar zuwa la'asar."

Malam ya daɗe yana juya makullin a hannu, kuma ban ga laifinsa ba. A ƙarshe ya ajiye shi a kan benci ya tafi. Samarin nan biyu suka ce za su je su dawo. Kowa ya san ba za su dawo ba, shi ma ya sani, don ya bi motocinsu da kallo har suka sha kwana.

Na aika aka kira Yaya. Ta zo da kwanukan abinci ta zauna a kan bencin. Ya kunna wuta ya yanke aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa, ya jefar da shi gefe ko kallo bai ƙara yi masa ba. Ya sauko da wata babbar tukunya daga bango, ya buɗe ta, ya ƙara mata faranti, ya cusa mata wani abu kamar auduga da ba ya cin wuta, ya ɗinke. Ya sauya robobin da ke riƙe bututu don kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Gurnani dai hannu yana jinsa, amma ɗan siririn fito da ke fita ta hudar da ba ta kai ƙwayar gero ba, wannan sai kunne. Don haka ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani, ya sa mai faci ya tayar da motar, ya bi kowace mahaɗa yana shafawa yana neman inda kumfa za ta taso. Ya samu biyu, ya toshe, ya sake bi daga farko.

Da la'asar malam ya iso. Sai na ga Mai Salansa ya tsallako titi, ya tsaya a ƙofar shagona da baƙin hannunsa a baya don kada ya taɓa min yadi.

"Sarkin tsegumi," ya ce, "ara min kunnen nan naki. Shekara nawa kina ɓata shi a kan maganar mutane."

Na so in rama, amma na fasa. Na bi shi kawai.

Malam ya shiga ya murɗa makulli. Motar ta ɗan girgiza, daga nan sai wani ɗan huci kamar numfashin mai barci. Ya taka totur, hucin ya ƙaru kaɗan ya koma. Mai Salansa bai ɗora hannu a kan but ba wannan karon. Ya tsaya nesa da motar, hannuwansa a baya, ni kawai yake kallo.

"Ya tayar?"

Na gyaɗa kai.

"Me kike ji?"

Na matsa na tsaya daidai gabansa, inda zai ga bakina sosai. "Ba komai, Maigida. Wallahi ba a jin komai."

Ya dubi mai faci, mai faci ya gyaɗa kai. Ya dubi malam, wanda ya leƙo ta taga yana ta godiya. Sannan ya sauke numfashi, ya zaro tsumma yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"To, madalla," ya ce. "Yau dai abin da nake ji, shi kowa yake ji."

Muka yi dariya, don dariyar yake so mu yi. Yaya ce kaɗai ba ta yi ba. Ta juya mana baya tana tattara kwanukan abincin da ko buɗewa bai yi ba.